Auna ruwan damina da tauraron ɗan'adam a Sudan

Auna ruwan damina da tauraron ɗan'adam hanya ce ta ƙiyasta yawan ruwan sama da lokacin saukarsa ta hanyar leƙen gajimare daga sararin samaniya. A Sudan, inda ma'aunan ruwa na ƙasa suke da ƙaranci kuma nesa da juna, wannan hanya ta zama abin dogaro, musamman tun da yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya tsayar da aiki a tashoshi da dama.

Damina, wadda Larabawan ƙasar ke kira harif, tana zuwa ne idan iska mai laima daga kudu maso yamma ta ture busasshiyar iskar hamada zuwa arewa. Yawanci tana kamawa daga Yuni zuwa Satumba, ta fi ƙarfi a Agusta. Gadarif kan samu wajen milimita 600 a shekara, Hartum ba ta cika kai 200 ba, Wadi Halfa kuwa sai shekara ta wuce ba ɗigo. Gaɓar Bahar Maliya ta fita daban, don nata ruwan a lokacin sanyi yake sauka.

Taurari iri biyu ake amfani da su. Na farko, irin Meteosat na Turai, yana tsaye saitin wuri guda a nisan kusan kilomita 36,000, yana ɗaukar hoto duk minti 15. Sanyin saman gajimare yake aunawa: idan hadari ya yi tsawo, samansa ya daɗe da sanyi, akwai alamar ruwa a ƙarƙashinsa. A kan wannan ne Jami'ar Reading ta Ingila ta gina tsarin TAMSAT, wanda bayanansa suka faro daga 1983. Iri na biyu yana kewaya duniya a kusa, yana leƙa cikin hadarin kansa. Tauraron TRMM, wanda Amurka da Japan suka harba a 1997, shi ya fara ɗaukar radar auna ruwan sama. GPM ya gaje shi a 2014, kuma tsarinsa na IMERG yana ba da ƙiyasi duk rabin awa.

Babban abin da TRMM ya kawo shi ne sanin lokacin da ruwa ke sauka a cikin yini. An tsara hanyarsa yadda ba ya ratsa wuri a lokaci ɗaya kullum, don haka aka iya tara bayanan safe, rana da dare. Sai ta bayyana cewa hadari kan haɗu bayan azahar a kan tsaunukan Habasha da Jabal Marra na Darfur, sannan ya gangara yamma. Kusa da tsaunuka ruwan la'asar ne. Can gaba a fili sai cikin dare ko gab da asuba. Manomin Mai Wurno, garin da zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa a bakin Shuɗin Nilu, ya daɗe da sanin cewa hadarin gabas ba ya wasa. Tauraro ya nuna masa daga inda yake tasowa.

Ga mai noman dawa da riɗi, jimillar shekara ba ta kai ranar faɗuwar damina da tsawon farin da kan biyo bayan shuka muhimmanci ba, kuma a nan ne bayanan kullum suka fi amfani. Cibiyar FEWS NET, da aka kafa a 1985 bayan yunwar da ta auka wa Sudan da Habasha, da irinsu take hango ƙarancin abinci.

Sai dai ƙiyasi ne. A arewacin ƙasar ruwa kan ƙafe a iska kafin ya taɓa ƙasa, tauraro kuma ya ƙirga shi a matsayin wanda ya sauka. A kan tsaunuka kuwa gajimare marar sanyi sosai kan zubar da ruwa ba a lura ba. Shi ya sa tsarin CHIRPS, wanda ke komawa har 1981, yake gauraya hoton sama da alƙaluman ma'aunan ƙasa, kuma duk tashar da ta rufe tana rage ingancinsa.