Catfishing: Sojan Gona a Intanet

Idan aka ce wani yana catfishing, ana nufin ya buɗe shafi da sunan da ba nasa ba, ya ɗora hoton wani, ya ƙago shekaru da gari da makaranta, sannan ya lallaɓi wani mutum har ya saki jiki da shi. A wajenmu an fi cewa akawun na bogi. Sai dai ba kowane mai akawun na bogi ne ke catfishing ba. Wanda ya ɓoye sunansa ya zo ya yi zagi ya wuce, matsoraci ne kawai. Mai catfishing zama yake yi ya ƙulla alaƙa, galibi ta soyayya.

Kalmar ta fito ne daga catfish, sunan kifin tarwaɗa a Turanci, kuma ta bazu ne bayan fim ɗin Catfish na 2010, inda wani matashi a New York, Nev Schulman, ya daɗe yana soyayya a Facebook da wata budurwa, ashe wata matar aure ce a jihar Michigan ke yi masa magana. Mijinta ne ya kawo labarin masu safarar kifi da ke jefa tarwaɗa cikin tanki don ta riƙa tsokanar sauran kifayen, ya ce akwai mutane masu irin wannan hali. A 2012 tashar MTV ta fara shiri da wannan suna.

Da yawa in sun ji kalmar, 'yan damfara suke tunawa. Tsakanin 'yan makaranta kuwa ba kuɗi ake nema ba, neman suna ake yi da mutuncin wani. 'Yan mata uku su haɗa kai, su samo hoton wani kyakkyawan saurayi a Instagram, su fara tura wa 'yar ajinsu saƙo cikin dare. "Kin iya ɗaurin ɗankwali." Bayan kwana biyu, "Wa kika fi tsana a ajinku?" Yarinyar da ba ta saba jin yabo ba sai ta amayar da cikinta. Washegari hoton hirar yana yawo a guruf ɗin aji, ta shigo da safe kowa na ƙunshe dariya. Abin da ya fi ciwo, mai yin hakan yakan zama na kusa ne, wanda ya san lagonta.

Haka ta faru da Megan Meier, 'yar shekara 13 a jihar Missouri ta Amurka. A 2006 wani "Josh Evans" mai shekara 16 ya fara kula ta a dandalin sada zumunta na MySpace, daga baya ya juya mata baya da baƙaƙen maganganu, har ta hallaka kanta. Babu wani Josh. A gidan maƙwabta aka buɗe shafin, da hannun Lori Drew, mahaifiyar tsohuwar ƙawarta. An sami matar da ƙananan laifuka a 2008, alƙali ya soke hukuncin a 2009, domin dokar da aka kama ta da ita ta masu kutsen kwamfuta ce.

Marubutan labaran matasa, musamman a Wattpad, manhajar rubutawa da karanta labarai, suna son wannan jigo, kuma da dalili: mai karatu ya san wanda ke bayan shafin, jarumar ba ta sani ba, sai ya kasa ajiye waya. Inda nake da ja da su shi ne ƙarshen labarin. Sau da yawa asiri na tonuwa sai a ce ai so ne ya sa shi ya yi ƙarya, a yafe masa, har a ɗaura aure. Wadda aka yi wa dariya zangon karatu guda ba a komawa ta kanta.

A Najeriya, dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta yin sojan gona a sashe na 22, sashe na 24 kuma ya shafi tsangwama da barazana ta saƙonni, yana cikin sassan da aka yi wa gyara a 2024.