Ditoks: wace guba ce ake wankewa?

Duk wadda take cikin zaurukan WhatsApp na mata a Yamai, ko take kunna rediyo lokacin tallace-tallace, kalmar nan ta riga ta cika mata kunne: ditoks. Shayin ditoks, ruwan ditoks, "ditoks na kwana uku, tumbi ya faɗa". Masu kanti a Wadata da Babbar Kasuwa sun jera kwalaye masu hoton mace da igiyar awo a ƙugu. Mai maganin gargajiya da ke yawo da lasifika a Bukoki shi ma ya ajiye "wankin ciki" ya koma "ditoks", don ya ga ta fi jawo ciniki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jin wata mai gabatar da shiri tana gaya wa masu saurare cewa duk mai son rage ƙiba dole ta fara da ditoks, wai shi ke buɗe hanya.

Kalmar ta shigo mana ne ta Faransanci, ma'anarta raba jiki da guba, kuma a gidan likita aiki ne na gaske. Matashin da tramol ko giya ta kama, ana raba shi da ita sannu a hankali a ƙarƙashin kulawa. Wanda ya sha maganin ƙwari, ana ba shi makarinsa. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Zamfara a 2010, lokacin da masu haƙar zinariya suka riƙa kawo duwatsu cikin gida suna daka su suna niƙawa, ƙurar dalma ta bi tsakar gida da abinci, yara wajen 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da suka je sun ɗebi jinin kowane yaro sun auna yawan dalmar da ke ciki. Sun ba da maganin da ke kama dalma ya fita da ita ta fitsari, suka sake ɗibar jini don su ga ko ta ragu. Ƙasar tsakar gidajen ma sai da aka kankare aka zuba sabuwa, don kada yaro ya warke ya koma ya sake kwasa. A nan gubar tana da suna, ana iya auna ta kafin magani, ana iya auna ta bayansa.

To ki tambayi mai shayin ditoks wace guba ce shayinsa yake fitarwa. Zai ce miki datti, maiƙo, dattin ciki. Suna ɗaya ba zai kama ba. A 2009 wasu matasan masana kimiyya a Ingila sun yi wa masu sarrafa kayan ditoks iri 15 irin wannan tambaya, ba wanda ya kawo hujja, kuma ba a samu biyu da suka yi wa kalmar fassara iri ɗaya ba. A 2015 wasu masu bincike biyu a Ostireliya suka bi abin da aka rubuta a kan tsarin cin abinci na ditoks, ba su samu ingantaccen gwaji ko ɗaya da ya tabbatar da abin da ake talla ba.

Ruɗanin da ke ba ni haushi shi ne yadda aka haɗa kitse da datti aka mai da su abu ɗaya. Tallar ta samu wurin zama ne domin mun daɗe da yarda cewa ciki yana tara ƙazanta da sai an wanke. Turawa ma sun yi wannan zamani. A farkon ƙarni na 20 wani shahararren likitan fiɗa a Landan, Arbuthnot Lane, ya riƙa yanke wa mutane babban hanji dungurungum, bisa tunanin cewa abin da ke kwance a ciki yana sa wa jiki guba. Daga baya likitoci suka bincika suka watsar da tunanin. Allah ya riga ya ba jiki masu wannan aiki: hanta tana sarrafa abin da zai cutar, ƙoda biyu suna tace ruwan jini kusan lita 180 kowace rana su fitar da lita ɗaya da rabi na fitsari. Ranar da ƙoda ta gaza, sai dai injin wankin ƙoda irin na asibitin Lamorde, shayi ba ya ko kusa.

Shi kuwa kitse ajiya ce. Rumbu ne jiki ya yi wa kansa, yana zuba rarar abin da aka ci, kuma rumbu ba ya raguwa don an share tsakar gida, sai in abin da ake ɗiba ya fi abin da ake zubawa. In jiki ya ƙona kitse ma, ba ta bayan gida yake fita ba. Cikin kilo 10 na kitsen da aka ƙona, fiye da kilo 8 ta numfashi suke fita a matsayin iska, sauran ya zama ruwa.

Na san amsar da za a ba ni, don ƙannena mata sun sha ba ni ita: "Yaya, ai sikeli ba ya ƙarya. Na hau ranar Litinin, na hau ranar Alhamis, kilo uku sun tafi." Gaskiya ne sun tafi. Mu dai zauna mu yi lissafi. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wajen 7,700, kilo uku ke nan 23,100. Mace baliga tana ƙona kimanin kalori 2,000 a yini. Ko da ta kwana uku ba ta sa komai a baki ba sai ruwa, abin da ta ƙona 6,000 ne, bai kai kilo ɗaya na kitse ba. Kafin ta ƙona kilo uku sai ta haura kwana 11 ba ci ko loma.

To mene ne ya sauka? Jiki yana da wata ƙaramar ajiya ta sukari a hanta da tsoka, ana ce mata gilikojen, wajen rabin kilo ce, kuma kowane giram nata yana riƙe da kusan giram 3 na ruwa. Da zarar an daina cin tuwo da shinkafa da burodi, ita jiki yake fara ci, ruwan da take riƙe da shi ya bi fitsari. Nan kaɗai ana iya rasa kilo ɗaya zuwa biyu. An daina cin miya mai gishiri da magi, wani ruwan ya ƙara fita. Hanji da kullum yake ɗauke da abincin jiya da na shekaranjiya ya zama wayam. Sannan ga abin da ke cikin shayin kansa. Da yawa daga cikinsu, in kin juya kwalin kin karanta, za ki ga an rubuta séné, wato filaskon nan da kakanninmu suka sani a matsayin maganin wankin ciki. Filasko a babban hanji yake aiki, alhali abinci ya riga ya bar amfaninsa a ƙaramin hanji kafin ya iso can. Abin da zawon yake kwashewa ruwa ne da gishirin jiki. Ranar Juma'a mai shan shayin ta ci dambu da kopto, Asabar ta je biki ta ci shinkafa, ajiyar sukarin ta cika, ruwan ya dawo mazauninsa, kafin mako ya zagayo sikeli ya koma inda yake. Sai ta zargi kanta, ta ce ita ce ba ta da haƙuri, ta sake tura kuɗi a aiko mata wani kwali. Wannan zargin kai shi ne ya fi ba ni tausayi, domin ba ta yi laifin komai ba, jikinta aikinsa ya yi.

Mu da muke azumi ma bai kamata wannan ya zama mana baƙo ba. Binciken da aka tattara a kan masu azumin Ramadan ya nuna galibi kilo ɗaya da ɗoriya ake saukewa a watan, kuma yawancinsa yana dawowa cikin ƴan makonni bayan sallah. Wata guda ke nan cur. Ina ga kwana uku?

Saura batun buɗe hanya. Akwai ɗan abin kamawa a ciki, ba zan ɓoye ba. Mace ta ga sikeli ya motsa, ta samu ƙwarin gwiwa, ta ci gaba da kula da abin da take ci. A kwanakin nan kuma ta bar lemun kwalba, ta bar soye-soye, ta bar bisab ɗin da aka cika wa sukari, dole ta ji jikinta ya yi sakayau. Sai dai barin waɗannan ne ya yi aikin, kuma kyauta ne. Babu wata ƙofa a jiki da take toshe sai an wanke ta kafin kitse ya fara ƙonewa. Abin da aka fi gani ma akasin haka ne: kwanakin yunwa ba nama ba wake ba ƙwai suna cin tsoka, ga yunwar da ke biyo baya tana sa a rama abin da aka rasa har da riba. Akwai tsarin rage abinci mai tsanani da likitoci suke yi, kamar gwajin da aka buga sakamakonsa a Birtaniya a 2017, inda masu ciwon suga suka yi wata 3 zuwa 5 a kan kalori kusan 850 a yini, kusan rabinsu ciwon ya lafa bayan shekara. Amma abincin nan an auna sinadaransa, likita yana bin maganin kowa, kuma an koya musu yadda za su koma cin abinci daki-daki. Ba wanda aka sa zawo.

Ga wadda take son ragewa da gaske, rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau, kuma daga abubuwan da ta sani take farawa: sukarin shayi, yawan man da ake kwarara wa miya, girman malmalar dare, da tattaki irin wanda mutane suke yi da marece a kewayen filin wasa na Seyni Kountché.

Abin da ba na so a ɗauka da wasa shi ne haɗarin. A watan Afrilu da Mayu zafi a Yamai da Tawa yana haura digiri 40, jiki yana zubar da ruwa ta gumi tun kafin a ƙara masa zawo. Zawo mai yawa yana kwashe gishirin jiki da ake kira potasiyom, shi kuwa bugun zuciya da shi ya dogara. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insilin, in ta daina cin abinci sukarinta na iya faɗuwa ta suma. Mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari, ƙodarta ce za ta ɗauki nauyin. Mai juna biyu da mai goyo ba su da abin yi da shi sam. Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ta sani cewa zawo mai tsanani na iya rage ƙarfin ƙwayar. Wadda kuma ta saba da filasko kullum, tana iya kai wa inda ba ta iya bayan gida sai da shi.

Sannan ba duk abin da ke cikin kwali ake rubutawa a bayansa ba. Hukumomin magani a Turai da Amurka sun sha gano sibutramin a ɓoye cikin shayi da ƙwayoyin rage ƙiba da aka ce na ganye ne zalla, maganin da aka janye daga kasuwa tun 2010 saboda yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A 2020 hukumar kasuwanci ta Amurka ta kai kamfanin shayin ditoks mai suna Teami kotu kan tallar da ba ta da hujja. Can ke nan da ake sa ido. Namu yana shigowa cikin jakar ƴan kasuwa, wani an juye shi a leda ba ko suna, ana sayar da shi teburi ɗaya da maganin ƙara ƙiba. Duk wadda ta sha ta ji zuciyarta tana bugawa da sauri, ko bakinta ya bushe, ko barci ya ƙaurace mata, ko jiri yana ɗibarta in ta miƙe, ta dakata da shi a ranar, ta sha ruwan gishiri da sukari, ta ɗauki kwalin ko ledar ta tafi da shi wurin likita.