Diyyar raunin kafaɗa bayan allurar rigakafin mura

Raunin kafaɗa bayan rigakafi, wanda likitoci ke kira SIRVA, ciwo ne da ke samun mutum idan an soka masa allura sama da inda ya kamata. Wurin allurar shi ne tsakiyar tsokar dantse, kamar yatsu biyu zuwa uku ƙasa da ƙashin saman kafaɗa. Idan mai allurar ya haura, ko tsinin ya nutse da yawa, sai ruwan maganin ya zuba cikin 'yar jakar da ke sauƙaƙa motsin gaɓa, ko kan jijiyoyi, wurin ya kumbura. Laifin ba na maganin ba ne, na wurin da aka soka shi ne, kuma wannan bambanci ya kamata kowa ya riƙe.

Ciwon kan fara cikin sa'o'i 48. Ba shi ne tsamin hannu na kwana biyu da aka saba ba; wannan yakan ɗauki watanni. Manomi ya kasa ɗaga fartanya, mace ta kasa riƙe taɓarya ko ɗaura ɗankwali, kwanciya ta wannan gefen ma ta gagara. Ana jinyarsa da maganin kumburi, da gashi da motsa gaɓa, wani lokaci har tiyata.

A Amurka aka fi neman irin wannan diyya. Dokar 1986 ce ta kafa asusun biyan diyyar raunin rigakafi, ya fara aiki a 1988, ana tara kuɗinsa daga harajin senti 75 a kan kowace cuta da allura ke karewa. An shigar da rigakafin mura cikin tsarin a 2005, sannan a watan Maris na 2017 aka sa raunin kafaɗa cikin jerin raunukan da aka amince da su. Mai ƙara yana kai takardunsa wata kotun tarayya a Washington cikin shekara uku da fara ciwon, ya nuna ciwon ya wuce wata shida ko ya kai shi ga kwanciya asibiti da tiyata, kuma kafaɗar ba ta da irin wannan larura a da. Abin da ya fi kyau a tsarin shi ne ba a neman ya tabbatar da sakacin kowa. Ana biyan kuɗin magani da albashin da ya rasa, ana kuma biyan lauya daga asusun, amma diyyar raɗaɗi ba ta wuce dala 250,000. Birtaniya tana da nata tsarin tun 1979, fam 120,000 a dunƙule, sai dai sharaɗin nakasar kashi 60 cikin 100 ya yi wa ciwon kafaɗa nisa.

A Zamfara da Kebbi allurar mura ba ta cikin rigakafin yara na yau da kullum. Maniyyata aikin hajji suka fi jin labarinta, domin Saudiyya na ba da shawarar a yi ta tare da ta sanƙarau. Amma kuskuren yana iya aukuwa da duk allurar da ake yi a dantse, har da ta tetanus da ake yi wa mata masu juna biyu a ɗakin awo.

Asusun Amurka ba ya aiki a kan allurar da aka yi a Gusau ko Argungu. Wanda abin ya sama a nan zai koma inda aka yi masa allurar a cike takardar rahoto, wadda ke bi ta hannun jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma har zuwa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa (NPHCDA) da hukumar kula da ingancin abinci da magunguna (NAFDAC). Neman diyya kuwa sai ta sulhu ko ta kotu, inda nauyin tabbatar da sakaci ke wuyan mai ƙara, abin da ke da wuya ga talaka. Shi ya sa katin rigakafi yake da daraja: a adana shi, a rubuta ranar allura da hannun da aka yi wa, a ga likita tun makon farko kafin a tafi wurin mai ɗori, domin takardar asibiti ta ranar ce za ta zama shaida.