Kiwon Ƙudan Zuma Ga Mai Farawa: Tambayoyi Da Amsoshi

Masu sha'awar ajiye amya a bayan gida, don marmari ba don kasuwa ba, tambayoyinsu sukan zo iri ɗaya. Ga waɗanda aka fi yi.

Me zan fara saya?

Kafin ka sayi komai, nemi wanda ya daɗe yana kiwo, ka roƙe shi ka tsaya kusa da shi ranar da zai buɗe amyarsa. Littafi zai ce maka akwai ƙwai a cikin saƙa, amma ƙwan fari ne siriri, tsawonsa bai kai milimita 2 ba, kuma yana can ƙasan rami. Sai an nuna maka da yatsa idonka zai saba. Bayan haka sai rigar da ke rufe jiki da ragar fuska, safar hannu, abin busa hayaƙi, da ɗan ƙarfen ɓamɓare murfi. Shawarata ka fara da amya biyu. Mai amya ɗaya ba shi da abin gwadawa: in ƙudan sun yi rauni, zai ɗauka haka suke.

Wace irin amya ce ta fi?

A 1851 wani limamin coci a Amurka, Lorenzo Langstroth, ya lura cewa in an bar tazarar milimita 6 zuwa 9 tsakanin katako da katako, ƙudan zuma za su bar ta a matsayin hanya. In ta gaza haka su liƙe ta da danƙo, in ta wuce su gina saƙa a ciki. A kan wannan ya ƙera akwati mai firam, wato katakan da ƙudan ke gina saƙa a cikinsu, da ake zarewa ɗaya bayan ɗaya, ya yi masa rajista a 1852, kuma har yau shi aka fi amfani da shi a duniya. Akwai kuma doguwar amya mai sanduna a sama, inda kowace saƙa ke rataye a jikin sandarta. Ta fi sauƙin ƙerawa, ba ta buƙatar ɗaga kaya mai nauyi. Duk wadda ke ba ka damar ciro saƙa ka duba ka mayar ba tare da ka fasa gidan ba, ta yi. Zaɓi irin wadda mai koya maka yake amfani da ita.

In na buɗe, me zan duba?

Nan ne ainihin karatun, kuma shi ne aikin shekararka ta farko. Amya mai ƙarfi tana ɗauke da ƙudaje 20,000 zuwa 60,000. Sarauniya ɗaya ce tal, kuma a lokacin yalwar fure tana iya saka ƙwai 1,500 ko fiye a rana. Sauran kusan duka ma'aikata ne, mata, sai maza kaɗan waɗanda ba su da ƙari, aikinsu barbara kawai.

Masu farawa sukan ɓata lokaci wajen neman sarauniya. Ba dole ba ne ka gan ta. Ƙwai yana ƙyanƙyashewa bayan kwana 3, don haka in ka ga ƙwai, ka san tana nan cikin kwana ukun da suka wuce. Daga ƙwai zuwa cikakkiyar ma'aikaciya kwana 21 ne, sarauniya 16, namiji 24. Riƙe lissafin nan a ka, domin da shi za ka riƙa karanta saƙa. Duba tsutsotsin: masu lafiya farare ne tas, a nannaɗe, suna sheƙi. Duba ramukan da aka rufe: in sun haɗu wuri guda a cike, sarauniya na aiki, in sun warwatse nan ɗaya can ɗaya, akwai matsala. Sannan ka tabbata akwai ajiyar zuma da garin fure a gefe. Sau ɗaya a kwana 7 zuwa 10 ya isa. Yawan buɗewa yana sanyaya 'ya'yan, waɗanda ke buƙatar zafin kusan digiri 35.

Harbi fa?

Zuma da zaƙi da harbi. Za a harbe ka, ko da riga. Ka kankare ƙarin nan take, domin yana ci gaba da tura dafi, ka busa hayaƙi a wurin don rufe warin da ke kiran 'yan uwanta. Kumburi a inda aka harba ba abin tsoro ba ne. Amma in numfashi ya fara sarƙewa, ko harshe da leɓe suka kumbura, ko jiri ya zo, a tafi asibiti babu jinkiri. Wanda ya taɓa yin haka ya ga likita kafin ya kusanci amya.

Ina zan ajiye amyar?

A bisa teburi, ƙofarta na kallon inda mutane da dabbobi ba sa bi, da ruwa a kusa mai duwatsu a ciki don kada su nutse. Ka sanar da maƙwabta tun farko.

Me ya sa rabin ƙudan suka tashi suka tafi?

Haka suke haihuwar sabon gida. In wuri ya yi musu kaɗan, sai su gina wasu dogayen ramuka masu kallon ƙasa don renon sabuwar sarauniya, tsohuwar ta fice da kusan rabin jama'arta. Ƙara musu wuri da wuri, ko ka raba amyar da kanka.

Me ke kashe su?

Yunwa, tururuwa, asun da ke cin kaki, maganin feshi, da wata 'yar kaska ja mai suna baroa, wadda ta samo asali daga ƙudan zuman Asiya. Tana hayayyafa cikin ramukan 'ya'yan, tana yaɗa cututtukan da ke lalata fukafukai. Koyi ƙirga ta tun kafin ka ga alama.

Yaushe zan sha zumata?

Wataƙila ba bana ba, kuma ina roƙonka ka yi haƙuri. Sabon gida yana cinye zuma mai yawa wajen yin kakin da zai gina saƙa, kuma abin da ya tara shi zai ci a watannin da babu fure. In lokaci ya yi, ɗebi saƙar da suka rufe da farin kaki kawai: ruwanta ya sauko kusan kashi 18 cikin 100, ba za ta yi tsami ba. Kada ka taɓa mai 'ya'ya a ciki. Kuma kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko da ɗigo ne.