Waiwaye: yadda yaƙin Biyetnam da ƙarancin man fetur suka haɗe wa Amurka

A watan Maris na 1965 rukunin farko na sojojin yaƙi na Amurka ya sauka a Da Nang, a Kudancin Biyetnam. Zuwa Afrilun 1969 yawansu ya haura dubu 540. Farmakin Tet, wato harin ba-zata da dakarun 'yan kwaminis suka kai a Janairun 1968, shi ya kashe wa jama'a gwiwa a gida, domin gwamnati ta daɗe tana cewa nasara ta kusa, sai ga mayaƙan Biyetkon, 'yan tawayen kwaminis na kudu, a harabar ofishin jakadancin Amurka a Saigon, babban birnin Kudancin Biyetnam a lokacin. Zanga-zanga ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, har aka harbe ɗalibai huɗu a jami'ar Kent State ranar 4 ga Mayun 1970. Yaƙin ya ci ran Amurkawa sama da dubu 58, na Biyetnam kuwa miliyoyi ne.

Abin da ya ɗaure yaƙin da batun mai shi ne kuɗi. Shugaba Lyndon Johnson ya ƙi ƙara haraji da wuri, gudun kada majalisa ta zaftare kuɗin shirye-shiryensa na yaƙi da talauci. Sai a 1968 aka yi ƙarin kashi 10 cikin ɗari, bayan aikin gama ya gama. Hauhawar farashi ta tashi daga ƙasa da kashi 2 a 1965 zuwa kusan kashi 6 a 1970. Daloli suka taru jibgi a ƙasashen waje, alhali Amurka ta yi alkawarin ba manyan bankunan ƙasashe oza ɗaya na zinari a kan kowace dala 35. Da zinarin ya fara yin ƙasa, Shugaba Richard Nixon ya soke alkawarin ranar 15 ga Agustan 1971, ya kuma ƙayyade farashin kaya da albashi. Da dala ake cinikin ɗanyen mai, saboda haka faɗuwarta asara ce kai tsaye ga ƙasashen OPEC, ƙungiyar masu fitar da man fetur da Najeriya ta shiga a shekarar.

Rijiyoyin cikin gida ma sun kai iyakarsu. Tun 1956 masanin ma'adinai M. King Hubbert ya yi hasashen haƙon man Amurka zai kai ƙololuwa tsakanin 1965 da 1970. A 1970 ya tsaya a kusan ganga miliyan 9.6 a rana, sannan ya fara raguwa. A 1972 hukumar da ke kula da haƙon mai a jihar Texas, wadda ta shekara da shekaru tana taƙaita abin da rijiyoyi za su fitar, ta ce kowa ya buɗe famfonsa duka. Wannan muhimmin lamari ne: rarar da ta ceci Amurka lokacin da ƙasashen Larabawa suka sa mata takunkumin mai a 1967 ta ƙare ke nan. Fargabar gurɓatar muhalli ma ta riga ta shiga zukata, har mutane kusan miliyan 20 suka fito bikin Ranar Duniya na farko a 22 ga Afrilun 1970, wanda Sanata Gaylord Nelson ya tsara bisa salon tarukan ɗalibai masu adawa da yaƙin.

An sa hannu a yarjejeniyar Paris ta janye sojojin Amurka daga Biyetnam a Janairun 1973. Bayan wata tara ƙasashen Larabawa suka hana sayar wa Amurka mai saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila a yaƙinta da Masar da Siriya a watan Oktoba. Ganga ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan 12. Najeriya ba ta shiga takunkumin ba, kuma kuɗin da suka kwararo mata su ne suka ɗauki nauyin ƙarin albashin Udoji da aka yi wa ma'aikatan gwamnati.

A ganinmu, dogayen layukan gidajen mai sun fi alaƙa da kuskuren gwamnati fiye da takunkumin kansa. An ƙayyade farashi, an kuma raba man bisa abin da kowane yanki ya sha a 1972, don haka unguwannin da suka ƙara yawan jama'a suka bushe, wasu ƙauyuka kuwa tankunansu cike. Wasu jihohi suka koma sayarwa bisa lambar mota: mai mara yau, mai cika gobe.

Matakan da suka biyo baya sun fi amfani. An amince da bututun Alaska a Nuwamban 1973, ya fara aiki a 1977. A 1974 an taƙaita gudun mota zuwa mil 55 a sa'a, wajen kilomita 89. Dokar 1975 ta tilasta wa masu ƙera motoci rage shan mai, ta kuma kafa rumbun ajiyar ɗanyen mai a kogunan gishiri na Texas da Louisiana. Haƙon cikin gida bai sake wuce adadin 1970 ba sai a 2018, bayan an ƙware wajen fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa da matsin ruwa da yashi.