Jam'iyyar Legal Marijuana Now ta Jihar Minnesota

Legal Marijuana Now ƙaramar jam'iyyar siyasa ce da ta fito daga jihar Minnesota a arewacin Amurka. Sunanta shi ne manufarta: a halatta tabar wiwi yanzu. Tushenta yana cikin jam'iyyar Grassroots da aka kafa a jihar a 1986.

Shekaru da dama wahalarta ita ce sa sunan ɗan takara a takardar ƙuri'a. Dokar jihar ta wajabta wa ɗan ƙaramar jam'iyya ya tara sa hannun masu zaɓe: 2,000 don muƙamin da ya shafi jiha baki ɗaya, 1,000 don kujerar majalisar wakilai ta tarayya, 500 don majalisar jiha, kuma cikin mako biyu kacal. Abin ya sauya a 2018, lokacin da Michael Ford ya haura kashi 5 cikin ɗari a takarar mai binciken kuɗin jiha. Da wannan jam'iyyar ta shiga sahun manyan jam'iyyu, aka sauke mata nauyin tara sa hannu.

Nan kuma matsalar ta faro. Duk wanda ya biya kuɗin rajista zai iya tsayawa da sunanta, ita kuwa ba ta da rassan da za su tantance shi. A 2020 Adam Weeks ya tsaya mata takarar kujerar majalisar wakilai ta tarayya a mazaɓa ta biyu ta jihar, ya rasu a watan Satumba. Daga baya aka ji wani saƙon murya da ya bari yana cewa 'yan Republican ne suka jawo shi don ya rage wa Angie Craig ta Democrat ƙuri'u. Dokar jihar a lokacin ta ce idan ɗan takarar babbar jam'iyya ya mutu dab da zaɓe a ɗage shi zuwa Fabrairu, amma kotun tarayya ta ce a yi a Nuwamba. Sunan mamacin ya samu kusan kashi 6, Craig ta sha da ƙyar. Wannan ya zubar da mutuncin jam'iyyar a idon masu goyon bayan manufarta da gaske.

A watan Mayun 2023 gwamna Tim Walz ya sa hannu a dokar halatta wiwi ga mai shekara 21 zuwa sama. Daga 1 ga Agusta an yarda mutum ya riƙe kimanin giram 56 a waje, kusan giram 900 a gida, ya shuka tushe takwas, huɗu kawai su zama sun yi fure. A shekarar aka ɗaga ma'aunin babbar jam'iyya zuwa kashi 8, aka ƙara sharuɗɗan gudanar da taruka a ƙananan matakai. A Mayun 2024 kotun ƙolin Minnesota ta yanke cewa jam'iyyar ba ta cika su ba, ta ƙwace mata matsayin.