PRISMA: ƙa'idar da ke sa mai bitar bincike ya faɗi abin da ya zubar

Idan likita ya ce "bincike ya nuna", sau da yawa ba nazari guda yake nufi ba. Wasu masana ne suka tattaro duk nazarce-nazarcen da aka yi kan tambaya ɗaya, suka tankaɗe, suka haɗa sakamakon. A wajen tankaɗen nan ake samun matsala, domin mai bita na iya ɗaukar waɗanda suka dace da ra'ayinsa ya yi shiru da sauran.

A 1987 wata likita Ba'amurkiya, Cynthia Mulrow, ta duba irin waɗannan bitoci guda 50 a manyan mujallun likitanci, ba ta samu ko ɗaya da ya cika sharuɗɗanta takwas ba. Irin wannan damuwa ce ta haifi ƙa'idar rubuta rahoton bita mai suna QUOROM a 1999, sannan PRISMA ta gaje ta a 2009, David Moher na Ottawa a Kanada yana kan gaba. Sabuwar, PRISMA 2020, ta fito a 2021.

Ba dokar gwamnati ba ce, ba wanda za a kai kotu. Editocin mujallu ne ke neman marubuci ya amsa abubuwa 27: rumbunan bayanan da ya leƙa, ranar da ya leƙa na ƙarshe, kalmomin da ya yi nema da su harafi da harafi, mutum nawa suka tantance, wa ya ba da kuɗin aikin.

Ni dai zanen akwatunan da PRISMA ke nema, mai nuna yadda aka tankaɗe takardu, nake fara dubawa. A ce an samo takardu 2,000. Akwatin farko ya faɗi nawa ne maimaici, na biyu nawa aka ajiye daga karanta take da taƙaitawa, na gaba nawa aka karanta gaba ɗaya aka ƙi, kowane rukuni da dalilinsa. Idan 12 suka rage, kana iya bin sawun sauran 1,988. In lissafin bai tashi ba, hankalina ba ya kwanciya da abin da ke ƙasa.

Sai dai PRISMA ba ta mayar da raunanan aiki ya zama mai ƙarfi. Tana sa raunin ya fito fili ne kawai. Shi ya sa take tambaya ko an yi rajistar tsarin aikin, misali a PROSPERO, rumbun rajistar bitoci da Jami'ar York ta Ingila ta buɗe a 2011, don a gane ko an sauya tambaya bayan ganin sakamako.